Igiyar da Kawu Ya Miƙo

Layin da Kawu ya ja ya iso bakin takardar yana rawa, kamar sawun tururuwar da ta faɗa cikin tawada ta fito. Bahago ya daɗe yana kallonsa. Kawu ya riga ya fita, ana jin takunsa a matakala, ya sauka ya huta, ya sauka ya huta. Can ƙofar ƙasa ta rufe.

"To," in ji Dogo, mai buga zane a jikin riguna. "Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi."

'Yan bene ake ce musu, saboda ɗakin da suke haɗuwa a saman wata maɗaba'a yake. Idan injin ƙasa ya tashi, har ruwan wanke burushi sai ya yi ta kaɗawa a cikin gwangwani. Duk shekara sukan zaɓi jigo ɗaya, kowa ya zana nasa, su rataye a zauren ɗakin karatu jama'a su zo kallo. Amma suna da wata ƙa'ida. Ana jera takardun a kan dogon teburi, layi ɗaya ya ratsa su duka. Zare suke kiransa. Kowa ya karɓa daga na damansa, ya miƙa wa na hagunsa, daidai inda ya tsaya. Wata shekara zaren ya zama gaɓar kogi, wata shekara wayar lantarki da tsuntsaye a kai. Bana igiyar shanya ce. Kowa ya shanya abin da ya ga dama.

Kawu ne ya kafa ƙa'idar, tun Bahago bai san hancin fensir ba. Ya kuma ƙara mata da cewa ba a cire zanen kowa daga bango, sai in maƙwabcin da aka miƙa wa zaren ya ce, "Ban karɓa ba."

Bahago ne maƙwabcin. A ƙarshen teburi yake zama, ta hagu, don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta mutane. Kawu na damansa. Ƙanen mahaifiyarsa ne. Daga bakinsa sauran suka ɗauki sunan, har aka manta akwai wani.

"Kai muke saurare," in ji Malama, wadda ke koyar da zane a firamare. Ita ce ke miƙa wa Kawu.

"Na ji."

"Ji ba amsa ba ce."

"Bara ma ya yi rawa," in ji Bahago.

"Bara wayar lantarki ce, muka ce iska ce ke kaɗa ta," in ji Dogo. "Bana fa? Girgizar ƙasa? Wake ɗaya shi ke ɓata gari, ɗan'uwa. Mutane za su tsaya a gabansa su yi ta cewa Allah sarki. Kai kana son a ce wa Kawu Allah sarki?"

Malama ta cire tabarau ta goge da bakin mayafinta. "Sau nawa ya ce mini bai karɓa ba? In tafi gida in sha kuka, in dawo in sake. Ban taɓa jin haushinsa ba, don na san mutunta ni ya yi. Yanzu mu kuma sai mu rufe ido? Raini ke nan, ba tausayi ba."

Bahago ya san gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta yi masa ɗaci. Ya sake duban takardar. Tsakar gidansu na dā ne Kawu ya zana: randa a kusurwa, bango mai tsagewa, igiya, da tsohuwar rigar aikinsa mai ɗigon fenti a shanye. Kusa da ita zanen ɗaurawa mai furanni. Bahago ya gane shi. Na mahaifiyarsa ne, wanda take ɗaurawa ranar wanki. Komai yana inda ya kamata. Idon bai manta kome ba. Hannun ne ya ci amana.

Washegari da yamma, bayan ya tashi daga yankan takarda a maɗaba'ar, ya nufi gidan Kawu da maganar a bakinsa. Hanyar ta bi ta gaban tsohon shagon Kawu. Yanzu wani ke sayar da cajar waya a ciki, an manna hoton talla da inji ya buga, rana ta riga ta cinye launinsa. Amma a saman ƙofar, inda sabon fenti ya ɓare, ƙafar wani harafi ja ta leƙo. A miƙe take kamar an sare ta da wuƙa.

A nan ya girma. A kan wani gwangwanin fenti yake zama yana kallon Kawu na rubuta allunan shaguna: teloli, masu aski, masu gyaran agogo. Ba rula, ba zare. Kawu zai tsoma dogon burushi, ya dafa ɗan ƙaramin yatsa a jikin allo, ya riƙe numfashi, ya ja layi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Masu wucewa kan tsaya da kekunansu su kalla. In ya kai ƙarshe sai ya saki numfashin ya ce, "Wa ya ce a kawo rula?"

Kuma daga nan Kawu ya tashi wata safiya, da rigarsa mai fenti, ya ja shi har makaranta. Malamin aji ya kumbura masa yatsun hagu da duka, wai sai ya koma rubutu da dama. Kawu ya tsaya a ƙofar aji bai ko yi sallama ba.

"Malam, kai ka ba shi hannun?"

"A'a, amma..."

"To wanda ya ba shi ya san inda ya ajiye masa abinsa. A bar shi."

Tun daga ranar bai sake riƙe fensir da dama ba.

Da ya isa gidan, ya samu Kawu a zaune bakin ƙofar ɗaki, da kofin shayi a hannu biyu. Rabin kofi aka zuba. Matar Kawu ta daɗe da daina cika masa kofi, kuma babu wanda ya taɓa ambatar dalili.

"Ɗan gidan yaya! Yau ƙafa ta tuna da mu?"

"Kullum tana tunawa, Kawu."

"Ƙarya. Zauna." Ya kurɓi shayin, kofin ya ɗan buga haƙorinsa. "Ka ga zanen ɗaurawar nan? Sai da na kwana ina tuna furannin. Biyar ne ganyen ko shida? Uwarka da tana nan da ta ce duk ban iya ba."

"Ya yi kama."

"Kama kawai?"

"Shi ne."

Kawu ya yi dariya har da tari. Sai ya ajiye kofin a ƙasa a hankali, ya ɗora tafin hannu ɗaya a kan ɗaya bisa gwiwarsa, ya danne. Bai dubi Bahago ba. Ƙofar gida ya kalla.

"Ka karɓa?"

Matar Kawu ta tsaya da tsintsiya a hannu. Wata kaza ta ratsa tsakar gidan tana tsince-tsince.

"Na karɓa," in ji Bahago.

"Madalla." Kawu ya saki numfashi. "Ka ɗaure ta da kyau a ƙarshe. Igiyar da ba a ɗaure ba, wanki a ƙasa yake kwana."

Faɗa da baki ba wuya. Ranar da babu aiki a maɗaba'a, ya hau benen da safe shi kaɗai. Ya haɗa farar takardarsa da ta Kawu, ya ɗora alƙalami inda zaren ya tsaya, ya ja. Layin ya tafi santal, kamar yadda aka koya masa. Ya ja baya ya duba. Igiya mai rawa ta zo, ta taɓa takardarsa, ta miƙe tsaf. Ko makaho ya shafa zai san inda tsoho ya ƙare, yaro ya fara. Bai rufa wa Kawu asiri ba. Fitila ya haska masa.

Ya yaga. Ya ɗauki wata, ya girgiza hannun da gangan. Wannan ya fi muni. Rawar ta fito a tsare, hawa da sauka daidai wa daida, kamar yaron da ke bin bayan gurgu yana kwaikwayon tafiyarsa. Ya yaga ita ma.

Ya zauna. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan teburin, a kan tabon fenti na shekara da shekaru, kore bisa ja, ja bisa shuɗi. Ya san na wasu. Ga inda Dogo ya kifar da tawada ya ce kyanwa ce. Ga inda wani da ya bar gari tuntuni ya gwada kaifin reza. A dā kujeru ba sa isa, wasu a tsaye suke zane, rediyo na ta surutu, Kawu na zagaye bayansu yana cewa wannan jaki ne ko teburi.

Sai ya mayar da alƙalamin hannun dama.

Yatsun suka riƙe shi kamar baƙo. Wuyan hannun ya sandare. Ya ji wani tsohon zafi a gaɓoɓin hagu, inda rula ta sha sauka. Ya ɗora, ya riƙe numfashi, ya ja da iyakar gaskiyarsa, yana son layin ya miƙe. Bai miƙe ba. Ya yi tuntuɓe, ya kauce, ya dawo. Ya ja baya ya duba mahaɗar. Ya neme ta ya rasa.

Bai tsaya a igiyar ba, don hannu biyu a takarda ɗaya tonon asiri ne. Da daman ya zana 'yar rigar makaranta, da gajeren wando, da safa ƙafa ɗaya. Da daman ya zana ƙusa a bango, ya ɗaure igiyar, ƙulli biyu. Kafin ya gama, gumi ya jiƙa masa baya.

Ranar rataya, Dogo na kan tsani da guduma lokacin da aka miƙa masa zanen Bahago. Ya duba, ya sake dubawa, ya cire ƙusar da ke bakinsa.

"Wane ɗan aji ɗaya ne ya shigo mana ta taga?"

"Rataye."

"Kai ne fa ake zuwa gani, mutumina. Da ƙafa ka zana?"

Malama ta matso. Ta bi igiyar da ido tun daga takardarta, ta ratsa ta Kawu, ta shiga ta Bahago har ƙusa. Ta dubi hannunsa na dama, inda tawada ta maƙale a gefen farce.

"Na ƙarshe ba shi da maƙwabcin da zai ƙi shi," ta ce. "Rataye, Dogo."

Aka buɗe zauren. Jama'a suka shigo, 'yan makaranta da iyayensu, da masu fakewa daga zafin rana. Suna bin igiyar daga dama, suna dariyar wandon da Dogo ya shanya mai faci a mazaunai. In sun iso ƙarshe sai su rage sauri. Babu wanda ya ce Allah sarki a gaban rigar mai fenti. Wani mutum mai jaka ya nuna 'yar rigar makarantar ya ce wa matarsa, "Wannan ɗan koyo ne, amma zai iya nan gaba." Bahago na tsaye a bayansu, hannu a aljihu.

Kawu ya iso da sabuwar hula. Ya bi bangon a hankali, yana gyaɗa kai, yana tsaki a inda ya saba. A gaban nasa bai daɗe ba. A gaban na Bahago ya tsaya. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ja baya. Ya sake matsawa.

Sai ya waiwaya, ya yafito shi da ido. Ya ja shi bayan wani ginshiƙi, inda babu kowa.

"Kawo hannunka."

Bahago ya miƙa hagun. Kawu ya riƙe shi da nasa biyun, ya juya tafin, ya lallatsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Rawar hannun tsohon ta shiga nasa, har su ukun suka yi ta kaɗawa tare.

"Tun yaushe?"

Bahago ya dubi ƙasa.

"Ni sai da na yi furfura ya same ni," in ji Kawu, murya ƙasa-ƙasa. "Kai ko aure ba ka yi ba. A jininmu yake, ashe. Su Dogo sun lura?"

"Ban sani ba, Kawu."

"Kada ka gaya wa kowa. Ka ji ko? Wannan mai dogon bakin, gari zai kai ka." Ya leƙa ta gefen ginshiƙin, ya dawo. "Na so in ce musu bana ce ta ƙarshe, in huta. Amma ba zan bar ka a hannunsu haka ba. Baɗi ka zo gida da takardarka tun kafin su gani. In ya karkace, ni zan miƙe maka."

Bahago ya ɗaga kai. Idanun tsohon sun kaɗa, amma kafaɗunsa sun tashi, kamar wanda aka kawo wa sabon allo.

"To, Kawu," ya ce.