Neman Baba a Gafasa

Aikin Khaula a wani ɗakin karatu na Kano shi ne ɗaukar hoton tsofaffin littattafan tsirrai da Turawa suka rubuta, shafi bayan shafi, ta zuba su a kwamfuta don masu bincike na ko'ina su samu. Aiki ne mai sa gyangyaɗi, sai ranar da ta buɗe wani shafi ta ga an rubuta "Gafasa". Ita 'yar Gaya ce, Gafasa kuwa nan kusa da su take ta wajen Ajingi. Sai da ta yi ihu.

Matsalar ɗaya ce. Gara ta riga ta karanta shafin, ta cinye zanen tsiron da sunansa na kimiyya. Abin da ya rage kawai shi ne sunansa na Hausa, baba, da bayanin cewa da shi ake rina tufafi shuɗi.

"Shafin da ba a tantance tsironsa ba, ba ya shiga," in ji shugabanta, Dakta Ashraf. "Baban rini ai iri-iri ne. Wanne ke nan?"

"Idan na kawo hoton na Gafasa fa, ranka ya daɗe?"

"Kafin mu rufe littafin nan, to."

Khaula ba ta iya haƙura da abu ba tun tana ƙarama. Wannan ne kaɗai shafin da ya ambaci yankinsu, kuma ta rantse ba za ta bar wa gara shi ba. Ranar Asabar ta hau motar Ajingi, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da ita.

To, ga inda gizo ke saƙar. Khaula a takarda ta san kalmar baba ta rini, ba ta taɓa jin ta a bakin kowa ba, takarda kuwa ba ta da murya. Sunan tsiron da murya a sama ake faɗin sa, a ja shi har ƙarshe. Ita kuwa da ta yi sallama ga wasu mata masu ɓarar gyaɗa a ƙofar gida, sai ta sauke farkon ta ɗaga ƙarshen, yadda ake kiran mahaifi.

"Sannunku da aiki. Don Allah baba nake nema. An ce a garin nan yake."

Hannuwa suka tsaya cak. Babbarsu, Iya Larai, ta dube ta daga ɗankwali har takalmi.

"Allah sarki! 'Yar nan, kin taɓa ganin sa?"

"Ban taɓa ba, Iya. Ko hotonsa ma gara ta cinye."

Wata ta fara share ido da gefen zani.

"Yaya kamanninsa?"

"An ce gajere ne. Yana son bayan gida, inda da danshi. Da can in an sare shi, jiƙa shi ake yi a rami."

"Innalillahi!" Iya Larai ta dafe ƙirji. "Su wa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta kama hannun Khaula, mata suka biyo baya, aka shiga zagaye gari ana tuno duk wani gajeren dattijo da ya taɓa fita neman kuɗi. An kai ta wajen mutum biyu. Ɗaya ya rantse bai taɓa wuce Kademi ba, ɗayan ya ce a bar shi ya sha ruwa tukuna. Khaula dai tana ta mamakin yadda mutanen Gafasa suka damu da kimiyya.

A ƙarshen gari suka tarar da Malam Barau zaune a bakin busassun ramuka. Tsohon marini ne, 'ya'yansa duk sun tafi birni, rinin ma ya mutu da daɗewa. Ya saurari Iya Larai, ya saurari Khaula, ya ji zancen rami. Sai dariya ta kama shi har da tari.

"Larai, ku je ku ƙarasa gyaɗarku. Baabaa take nema!"

Khaula ta ji kalmar ta fito a miƙe, ta tuna yadda ita ta yi ta faɗa, ta rufe fuska da mayafi. Matan suka kwashe da shewa.

A bayan ɗakinsa ya nuna mata su: 'yan gajerun tsirrai masu ƙananan ganye da siraran kwanso irin na wake. Duk damina yana shuka su, ko da yake ba mai saye.

"Ke ce ta farko da ta tambaye ni shi tun da na rufe ramukan nan," ya ce. Wannan karon bai yi dariya ba, ita ma sai tausayinsa ya kama ta.

Ta ɗauki hoton ganye, da fure, da kwanso. Sannan ta miƙa masa wayarta.

"Faɗi sunan a nan. Zan haɗa muryarka da shafin, kada wani ya zo ya tayar da gari."

Ya gyara hula kamar wayar tana ganin sa, ya faɗa a hankali, ya sake faɗa don kada kwamfuta ta yi gardama. Ya ƙulle mata iri a ƙyalle, ya rako ta har inda ɗan acaɓa ke jira.

"Zan dawo in nuna maka shafin," ta ce. "Na gode, Baba."

Tsohon ya yi murmushi.

"Wannan kam kin faɗa daidai," ya ce.