Raga Ɗaya a Filin Kudai

Duk unguwar Jarwal ta Makka babu wanda bai san Malam Abdulganiyyu da buhun kayan wasansa ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a gabashin Saudiyya, a sansanin masu haƙar mai, yana share fili yana ja layi da farar ƙasa domin Turawan Amurka su yi wasansu na jifa da bugu, wanda suke kira besbol. Tun yana kallo daga gefe da tsintsiya a hannu, har ranar da alƙalin wasansu ya kwanta ciwo, aka ce to kai da kullum kake nan, zo ka gwada. Ya gwada, bai kuma ba da kunya ba. Da aikin ya ƙare ya dawo Makka inda aka haife shi, abokansa kowa ya sauke rediyo ko agogon bango, shi kuwa buhu ya sauke: sanduna uku, ƙwallaye masu tauri kamar dutse, safar hannu ta fata guda biyar, matashin kare ƙirji, da ragar ƙarfe ta rufe fuska guda ɗaya tal.

Wasan ba shi da wuyar faɗa. Ɗaya ya jefa ƙwallo, ɗaya ya buga da sanda ya ruga yana taka buhunan yashi da aka ajiye a kusurwoyin fili, ɗaya kuma ya tsuguna a bayan mai bugu yana cafe abin da sanda ta kuskure. Alƙali na tsaye a bayan mai cafewa, shi ke faɗin jifa ta yi kyau ko ba ta yi ba. A shekara ta 1965, kowace Juma'a bayan la'asar, samarin Jarwal da na unguwar Misfala sukan haɗu a wani fili mai tsakuwa wajen Kudai, a gindin dutse, Abdulganiyyu ya ɗaura matashinsa, ya sa ragarsa, ya zama wani mutum dabam. A gida dattijo ne da ba ya ko ɗaga murya. A fili kuwa, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro wasan. Ba a zagin iyaye. Ba mai yi masa gardama sai shugaban ƙungiya, shi ma magana biyu. Yana lissafin jifa da ƙwallon dabino, daga hannun dama zuwa na hagu. Kuma komai daɗin wasa, ba a tashi sai an kira magariba, ba a kuma ƙara jifa ɗaya bayan an kira.

Mai cafe wa Jarwal surukinsa ne, Issoufou, mijin 'yarsa Ummulkhairi. Mutumin Tawa ne ta Nijar, da ƙafa ya zo aikin hajji shekara bakwai da suka wuce, bai koma ba, ba shi kuma da ikama ko wata takardar zama. Sana'arsa ɗaukar tsofaffin alhazai a gadon katako, su huɗu, suna zagaya Ɗakin Ka'aba da su. Dogo ne mai ƙarfin wuya, mai kunyar suruki har ta yi yawa.

Akwai abin da Abdulganiyyu ya sani, wanda duk Makka shi kaɗai ya san shi. Idan raga ɗaya ce, ta mai cafewa ce, domin fuskarsa ce a bakin sanda. Alƙalin da ya rasa raga sai ya koma tsakiyar fili, ya tsaya a bayan mai jifa, ya yi hukunci daga can. Ya ga an yi haka a gabas ba sau ɗaya ba. To amma daga can zuwa wurin mai bugu taku ashirin ne, kuma shekara biyu ke nan idanunsa sun daina kai taku ashirin. Yanar ido ta fara rufe na hagu, na dama na biye da shi. In ya koma tsakiyar fili, kafin a yi jifa goma asirinsa ya tonu, samari su ce tsoho ya gaji, su ba wani alƙalancin. Wannan tsoron ya fi masa tsoron komai, don ban da filin nan ba shi da inda ake sauraronsa.

Ranar da Issoufou ya fara cafewa, Abdulganiyyu ya miƙa masa ragar a gaban kowa. Ya miƙa, ba za a ce bai miƙa ba, amma irin miƙawar da ake wa baƙo ragowar tuwo ana fatan ya ce ya ƙoshi.

Issoufou ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi. Ya ce, "Subhanallahi, Baba! Ni in rufe fuska, ku kuna tsaye bayana fuska waje? Mi za a ce da ni cikin gari? Wallahi ban sawa."

Samari, da ke kiransa Ammi, wato baffa, suka amsa gaba ɗaya, "Sahih, ya Ammi. Babba ne ke da raga."

Kalma ɗaya ta ishe shi a lokacin. Da ya ce doka ce, da magana ta ƙare, don a filin nan bakinsa ne doka. Sai ya yi murmushi ya ce Allah ya yi albarka, ya mayar da ragar fuskarsa. Tun daga ranar abin ya zama al'ada, har mutane na yabon Issoufou da ladabi.

Ummulkhairi ce kaɗai ba ta yaba ba. Sau biyu mijinta na dawowa da leɓe a fashe. Wata Juma'a da hantsi ta zo gidan mahaifinta da kwanon abinci, ta same shi yana goge ragar da tsumma da ɗan mai. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta daɗe ba ta tashi ba.

Ta ce, "Baba, ku ba shi abin nan ya sa."

"Na ba shi, ya ƙi. Kowa shaida ne."

"Idan kun ce dole, zai sa. Bai taɓa tsallake maganarku ba." Ta yi ƙasa da murya. "Kun san ba shi da waraƙa, ba shi da takardar zama. Ko zazzaɓi ya yi ba ma zuwa asibiti. In wani abu ya same shi, ina za mu kai shi?"

Ransa ya ɓaci, kuma ya san gaskiyar ce ta ɓata masa rai. Ya ce, "Ke kika yi shekara goma sha ɗaya a wasan nan, ko ni? Tashi ki je, sai an dawo."

Ta tashi ta tafi.

Wasan ranar ya yi zafi tun daga farko. Misfala sun zo da mutane, Jarwal ma haka, har masu sayar da shayi suka biyo. Sau ɗaya rigima ta so ta tashi a kan wani da aka ce bai taka buhun yashi na biyu ba. Abdulganiyyu ya ɗaga ragarsa, ya kira shugabannin biyu, ya ba kowa maganarsa biyu, ya yanke, kowa ya koma wurinsa yana gunaguni a ciki. A irin wannan babu mai kama ƙafarsa, kuma ya ji daɗin kansa.

Da rana ta yi sanyi aka yi kunnen doki, shida da shida. Mai jefa wa Jarwal shi ne Mukhtaru, haifaffen Makka, makaniken mota mai hannu kamar taɓarya. Mai bugu na ƙarshe Zali ne, mahauci daga Misfala. A daidai lokacin rana ta faɗa bayan dutsen, inuwa ta kwanto ta rufe wurin bugu. A filin Kudai haka take yi kullum, dutse yana riga ladani kawo yamma.

Mukhtaru ya tsaya da ƙwallo a hannu, ya ɗaga murya ya kira alƙali da Larabci. "Ya Hakam, inuwa ta rufe. Halas, mu tashi?"

Abdulganiyyu ya duba, ya ga duhu-duhu. To amma ya daɗe yana ganin duhu-duhu da rana tsaka, har ya daina sanin wanne ne na dutse, wanne ne na idonsa. In ya ce an tashi saboda duhu, alhali kowa yana gani sarai, me za su ce? Ya ga kamar tarko Mukhtaru ya ɗana masa.

Ya ce, "An kira salla?"

"Ba a kira ba."

"To jefa."

Issoufou ya gyara tsugunonsa, ya buga safa, ya ce, "Yalla, Mukhtaru, kawo ta."

Mukhtaru ya jefa da duk ƙarfinsa. Zali ya kai sanda a makare, ƙwallon ta gogi saman sandar kawai, ta tashi kaɗan daga hanyarta, ta wuce saman safa. Abdulganiyyu ya ji ƙarar, irin ta tulu in ya faɗi. Issoufou bai yi ihu ba. Ya zube da baya a kan ƙafafun surukinsa, hannayensa biyu a kan idon hagu, jini na fita ta tsakanin yatsu. Ƙwallayen dabinon suka warwatse a ƙasa. Ba a daɗe ba ladani ya kira magariba.

Mukhtaru ya rugo yana kuka yana cewa, "Mustashfa! A kai shi asibiti!" Issoufou ya laluba ya kama rigar Abdulganiyyu ya riƙe gam.

Ya ce, "Baba, kar a kai ni. Za su tambayi takarda. In anka sa ni jirgin Jidda, wa zai riƙe Ummulkhairi? Ku kai ni gida."

Ko za a tambaya, ko ba za a tambaya ba, babu wanda ya sani a cikinsu, babu kuma wanda ya yarda ya gwada da ran wani. Aka ciro ƙyauren wata rumfa aka kwantar da shi, samari huɗu suka ɗauka a ka har Jarwal, kamar yadda shi yake ɗaukar alhazai. Abdulganiyyu na biye. Sai da suka yi nisa wani ya taɓa shi ya ce, "Ya Ammi, ragar." Ashe har lokacin tana fuskarsa.

Isa wanzami ne ya yi jinya. Ya wanke, ya ɗaure, ya yi iyakar abin da ya sani. A kwana na uku da safe ya kira Abdulganiyyu waje ya ce ƙashin gefen ido ya karye, idon kuma ya tsiyaye, sai haƙuri. Da Issoufou ya gwada miƙewa, jiri ya kwashe shi. Mutumin da ba ya iya tsayawa da kansa ba zai ɗauki tsohuwa a ka ya zagaya Ɗaki sau bakwai ba, kuma kowa a gidan ya san haka ba tare da an faɗa ba.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa, daga Jarwal, daga Misfala. Duk wanda ya fito sai ya tsaya wurin Abdulganiyyu a ƙofar gida ya ce, kai, ka yi dacen suruki. Wani ya ce da ya karɓi ragar nan, da dattijo ne a kwance. Wani ya ce irin wannan tarbiyya ta yi ƙaranci yanzu. Abdulganiyyu yana amsawa da Allah ya saka da alheri. Ya gwammace a zage shi, amma ba a samu ko mutum ɗaya da ya san abin da zai zage shi a kai ba.

Ummulkhairi ba ta yi masa kuka ba, ba ta kuma ɗaga masa murya ba. Tana gaishe shi, tana kawo masa shayi. A kwana na biyar da hantsi ya tare ta a tsakar gida tana wanke tsumman ɗauri, ya ce, "Ummu, akwai abin da ba ki sani ba game da ragar nan."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani, Baba. Shekara biyu ni nake zura muku zare a allura. Ni nake karanta muku wasiƙa, kuna cewa rubutun ne ya yi ƙanana." Ta matse tsumman ta shanya. "Na zaci in an zo tsakanin idonsa da sunanku a fili, idonsa za ku zaɓa. Shi ya sa na roƙe ku a ɗaki, ban faɗa a waje ba."

Ta ɗauki kwano ta shiga kicin, ta bar shi tsaye.

Ya daɗe kafin ya iya ɗaga labulen ɗakin. Issoufou na kwance a kan katifa, rabin fuskarsa a ɗaure, ɗayan rabin a kumbure. Da ya ji takun surukinsa ya yi yunƙurin tashi ya gaishe shi, Abdulganiyyu ya dafa shi ya ce ya kwanta. Ya zauna a gefen katifar ya buɗe baki zai fara, Issoufou ya riga shi.

"Baba, ku daina damuwa. Kullum ina gode ma Allah da ku ke da ragar. Da ku ta samu, da ban san inda zan sa kaina ba."

"Issoufou..."

"Abu guda ni ke son sani. Tun da anka kwantar da ni nan ina tunaninshi, Mukhtaru kuma ba ya iya magana sai kuka." Ya juyo da idon da ya rage masa, har da ɗan murmushi. "Jifar nan ta ƙarshe, da Zali bai taɓa ta ba, mai kyau ce ko ta kauce? Ku ne kuke tsaye bayana, ku kunka gani."

Domin ya riƙa ganin jifa Abdulganiyyu ya tsaya a wurin. Domin haka ya riƙe ragar shekara guda da rabi. Abdulganiyyu ya kalli farin ƙyallen da ke ɗaure a fuskar surukinsa, hawaye na zubo masa, ya rasa ƙaryar da zai yi.

Ya ce, "Ban gan ta ba, ɗana. Tun da ta bar hannun Mukhtaru ban gan ta ba."

Murmushin ya daɗe a fuskar Issoufou kafin ya tafi, sannan a hankali ya juya kansa wajen bango.