Koren Salatif da Kunnen Rago

Tun ranar da Kuwanish ya auri Gauhar bai taɓa kiran ƙaninta da sunansa ba. Tsako yake ce masa. Lokacin Meirjan yana ɗan makaranta, yanzu kuwa har furfura ta fara leƙowa a gemunsa, ga 'ya'ya, ga shagon tayoyi a bakin kasuwar motoci ta Almati, amma a bakin mijin yayarsa yana nan a Tsako. Haka ake yi tsakanin jezde, wato mijin yaya, da ƙanin matarsa, a yi ta tsiya ba mai fushi. In an yanka rago a gidan Kuwanish aka kawo kan a faranti, shi ke rabawa, kuma duk da a al'ada yara ake ba kunne, ko gidan cike yake da su, kunnen na Meirjan ne.

"Ungo, Tsako, ko Allah zai sa ka fara jin magana."

Meirjan ya cinye yana mita, kowa ya yi dariya. Da za a tsare shi a tambaye shi abin da ya fi so a gidan nan, kunya ba za ta bar shi ya ce kunnen ba, amma shi ne.

Kuwanish ne ya ja shi cikin wasan bindiga da ake kira strikbol. Duk Lahadi sai su cika tsohuwar motarsa da kaya su hau hanyar Talgar, zuwa wani sansanin hutun yara da aka daɗe da watsarwa, manyan mutane da tumbinsu su wuni suna harbin juna da ƙwayoyin roba. Wasan kuwa duk a kan amana yake tafiya. Ƙwayar ba ta barin alama. In ta same ka, kai da kanka za ka ɗaga hannu, ka ɗora jan ƙyalle a ka, ka fita. A wannan fannin ba wanda ya kai Kuwanish. Ko igiyar takalminsa ta taɓa sai ya fita, yana tafe yana zagin wanda ya harbe shi. In aka yi gardama ya ce ga yadda aka yi, magana ta ƙare.

Da sanyi ya kama, kowa ya jibga riguna, abin ya fara ci wa Meirjan tuwo a ƙwarya. Da idonsa zai ga ƙwayarsa ta bugi ƙirjin mutum ta faɗo cikin dusar ƙanƙara, mutumin ya wuce abinsa bai ma ji ba. Ga jezde kuma ba ya barin ko ɗaya ta wuce.

"Tsako, wai bindigar nan harbi take ko tofi?"

"Jezde, kitse ne ya hana ka ji."

"To matso ka jefe ni da hannu mana, wallahi zan fi ji!"

Aka yi ta dariya, har da shi. Amma ranar Litinin ya rufe shago da wuri ya je ya sayo sifirin mai tauri.

Ƙarfin bindigar duk yana jikin sifirin ɗin da ke cikinta, murɗaɗɗen ƙarfen da ke cilla ƙwayar. Shi ya sa kafin a fara wasa kowa sai ya bi layi ya harba ta cikin na'urar awon gudu. Mai laushi a naɗa mata koren salatif, ta shiga ko'ina. Mai tauri a naɗa mata ja, ta tsaya waje ba ta shiga ɗaki, kuma haramun ne a harbi mutum da ita daga kusa. Meirjan ya san wannan kamar yunwar cikinsa. Ya kuma san bindigarsa ba sai an kwance ta ba, ana zare sifirin ɗin ta baya, domin Kuwanish ne da hannunsa ya gyara masa ita haka, wai don ya daina kawo masa ita gida yana ɓata masa Asabar.

Ranar Lahadi ya bi layi da tsohon sifirinsa. Rinat, alƙalin wasan, ya dubi na'urar ya yi hamma.

"Ɗari da goma sha wani abu. Meirjan, wannan ko kaza ba za ta kora ba."

Ya naɗa masa kore. Meirjan ya ce bari ya ɗauko safar hannu a mota. A bayan motar ya durƙusa, ya cire gindin bindigar, ya danna sukundireba ya murɗa, tsohon ya fito salin-alin. Sabon kuwa sai da ya sa ƙirji ya tura kafin ya shiga. Yana yi yana gaya wa kansa ba cuta ba ce, ai so yake kawai a ji in ya harba. Ya gwada sau ɗaya a jikin itace. Ƙarar ta sauya, ta yi nauyi, ɓawon itacen ya yi tsalle. Ya san ƙarfin ya yi yawa, amma daɗi ya rinjaye shi.

Aka raba su, Kuwanish ya faɗa ɗaya ɓangaren. Da farko abin ya yi wa Meirjan yadda yake so. Ya samu wani daga nesa, mutumin ya yi ƙara ya dafe cinya ya ɗaga jan ƙyalle ba gardama. Daga nan wasa ya koma cikin tsohon ɗakin cin abinci, inda kore kaɗai ke shiga. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi salatif ɗin da ke bindigarsa, ya shiga.

Yana laɓe bayan wani murhu ya ji muryar da ya sani daga tagar miƙo abinci.

"Tsako! Na ga ƙafarka! Fito ka tofa mini in tafi in sha shayi!"

Don muryar ta fita sosai, Kuwanish ya janye ragar kariya da ke rufe bakinsa. Meirjan bai ga haka ba sai bayan da ya miƙe ya danna. Tsakaninsu bai fi faɗin ɗaki ba.

Kuwanish bai yi ihu ba. Zama ya yi daɓas, hannu a baki, jini na bin safarsa. Aka busa usur, aka taru. Leɓen sama ya fashe, haƙoran gaba biyu sun karye. Meirjan na durƙushe a gabansa ya ga ya tofa a tafin hannu: jini, guntun haƙori, da farar ƙwaya guda. Kuwanish ya dube ta, ya ɗago ya dubi bindigar Meirjan, sannan ya dunƙule hannun.

Rinat ya iso da na'urarsa a rataye. Ya duba leɓen, fuskarsa ta canza.

"Kore ba ta fasa leɓe haka. Wa ya yi harbin? Meirjan, kawo bindigarka."

Kowa ya san abin da ke biyo baya. Wanda aka kama ya canza sifirin bayan awo, sunansa zai zaga duk ƙungiyoyin garin, ba filin da zai sake karɓarsa. Meirjan ya riƙe bindigar bai miƙa ba.

"Rabu da shi," in ji Kuwanish, maganar na fita da iska ta gurbin haƙoran. "Ba harbi ba ne. Santsi ya kwashe ni na bugi ƙarfen tagar nan. Meirjan bai same ni ba."

"Kuwanish-aga, ka tabbata?"

"Na taɓa yi maka ƙarya?"

Rinat ya mayar da na'urar cikin jaka. Da wani ne ya faɗa da sai an auna, amma Kuwanish ne. Meirjan na tsaye yana kallo mutumin da ko igiyar takalmi ba ya ɓoyewa ya kashe amanarsa ta shekaru a kansa, shi kuma ya bari. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa ido. Sai a mota, yana tuƙa jezde zuwa wurin likita, ya tuna da wani abu: ɗazu da sunansa jezde ya ambace shi, Meirjan, ba Tsako ba.

"Jezde," ya fara.

"Dubi hanya."

Kuwanish bai faɗa wa kowa ba, har Gauhar, wadda ta yi ta faɗa a waya kan tsofaffin banza masu wasan yara. Meirjan ya zare sifirin ɗin a daren, amma ya kasa jefarwa. Ya sa shi a aljihun babbar riga yana yawo da shi. Lahadi ta zo ya ce mura yake yi. Wata ta zo ya ce kaya sun iso shago. Ya ɗauko waya ya ajiye ya fi a ƙirga. Abin da yake jira kawai a kira shi a zage shi, ba a kira ba.

Gauhar ce ta kira daga baya. 'Yarsu ta dawo hutu daga jami'a, an yanka rago, in bai zo ba kada ya ƙara kiranta yaya.

Ya je. Kuwanish ya tare shi a ƙofa da hannu biyu, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya karɓi rigarsa ya rataye da kansa. An sa masa sababbin haƙora, farare fiye da sauran, leɓen da ɗan tabo. Ya zaunar da Meirjan can sama kusa da dattawa, inda bai taɓa zama ba. Aka sha shayi da madara, aka ci baursak, soyayyen burodinsu, sannan aka kawo naman bisa faffaɗar taliya, kan ragon a farantinsa daban.

Kuwanish ya ɗauki wuƙa. Ya yanka wa dattawa, ya ba 'yarsa ganɗa yana mata addu'ar iya magana. Meirjan ya kafa wa kunnen ido kamar yaro. Wuƙar ta bi ta gefen kunnen ta yanko tsokar kumatu, mai kyau, irin ta baƙo.

"Bismilla, Meirjan."

Gauhar ta yi dariya. "Yau kuma? Ina Tsakon naka?"

Meirjan ya tashi ya je wurin rigarsa, ya dawo, ya ajiye sifirin ɗin a kan ledar tebur kusa da hannun jezde. Baƙi suka dubi abin ba su gane ba.

"Jezde, ni ne. Bayan awo na canza."

"Na sani." Kuwanish bai ko dubi sifirin ɗin ba. "Tun harbinka na farko a waje na ji ƙarar. Ni na haɗa bindigar nan. Na ce a raina, ai Tsako ba zai shigo da ita ɗaki ba. Shi ya sa ban ji tsoron buɗe baki ba."

Meirjan ya sunkuyar da kai. Da ya mare shi da ya fi masa sauƙi.

"To kunnen nawa fa?" ya ce a hankali.

"Na yara ne. Kai ka girma, kana gyara abinka da kanka." Kuwanish ya goge wuƙar ya tura masa farantin kumatun. "Ci, zai huce."

Meirjan ya ci, domin ba a mayar da abin da mai gida ya miƙo. Hira ta koma kan karatun yarinya da tsadar gawayi. Har aka yi addu'a aka shafa, kunnen yana nan a jikin kan ragon, kitsensa ya daskare, Gauhar ta kwashe farantin ta kai kicin.