Furen Kabewa a Ƙofar Gida

Tun da gari ya waye Vasuki ke safa da marwa tsakanin zaure da kicin, waya a hannu, ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ƙofar gidansu fayau take, ko ɗigon gari babu. Gidan da aka yi rasuwa ba a zana masa kolam, wato adon garin shinkafa na bakin ƙofa, kowa a garin Madurai ya san haka, kuma jiya da la'asar aka ƙona gawar mahaifinsu bisa al'adarsu.

Shekara biyu ke nan, kullum ƙarfe shida, take ɗora wa a intanet bidiyon hannun mahaifiyarta yana zuba garin shinkafa a bakin ƙofa, ɗigo-ɗigo, har zanen ya haɗu. Mutum dubu tamanin ke kallo. Su dai su ƙarata can, ba su ne damuwarta ba. Damuwarta yayarta ce, Pungodi, da ke Maskat da cikin wata tara ga hawan jini, wadda ba ta kurɓar kofin safe sai ta ga ƙofar gidansu. Mijinta ya yi ta magiya a ɓoye mata rasuwar har ta sauka lafiya.

"Shida da kwata fa," in ji mahaifiyarsu, wadda suke kira Amma, daga lungun da take zaune, muryarta a dishe. "Ɗora tsohon bidiyo mana. Wa zai gane?"

"Amma, ƙarya ce fa."

"To kira ta ki faɗa mata, uwar masu gaskiya. In wani abu ya sami cikin nan, ke kika sani."

Vasuki ta hau lalube cikin tsofaffin bidiyo. Wannan ana jin tarin Appa, mahaifinsu, a ciki. Wancan ga takalmansa a gefe. Wani kuma yana mitar an hana shi hanyar fita sayen jarida. Ashe mutumin nan ko'ina yana nan! Zuciyarta ta yi ƙuna, hawaye ya hana ta gani sosai. Da ƙyar ta samo ɗaya da babu shi, ta ɗora, ta kife wayar a kan buhun shinkafa.

Ko minti bakwai ba a yi ba wayar ta ɗau ruri.

"Vasuki," in ji Pungodi a hankali, "furen kabewa nake gani a tsakiyar zanen."

Furen kabewa sai a watan Margali ake sa shi, cikin sanyi, ga shi yanzu ana tsakiyar zafi. Garin neman inda babu Appa, zanen kansa Vasuki ba ta duba ba.

"Tsoho ne, Akka," ta ce wa yayar tata. "Amma ce bayanta ke ciwo."

"Ranar da aka yi mata aikin ido ke kika zana, a karkace ma, na yi miki dariya. Ƙofarmu ba ta taɓa wayar gari babu zane ba sai da Kaka ta rasu." Daga lungu Amma ta saki shessheƙa, Pungodi ta ci gaba. "Na jiyo muryar Amma a bayanki. Miƙa wa Appa wayar."

Vasuki ta juya ta dubi mahaifiyarta. Amma ta share fuska da gefen sarin da ta yafa, ta miƙo hannu.

"Kawo," ta ce.