Haƙoran Gwaggo Zuhura

A Kona ba wanda bai san Zuhura mai man gyaɗa ba. Mace ce mai murya, ba ta rufe baki in tana dariya, haƙoranta kuwa jajaye ne jawur, don tun tana budurwa take cin goro tana goga fure. A zamaninsu wannan shi ne ado, kuma har gobe ba ta ga laifinsa ba.

Da aka yi hutun lakwal, wato makaranta, Samira ɗiyar ƙanenta, wadda ke koyarwa a wani ƙauye can ƙasar Mayahi, ta zo wurinta. Zuhura ta lura yarinyar ba ta magana sai ta kai gefen mayafi baki. Da safe kuma ta gan ta tsugune bayan ɗaki tana dirzar haƙora da buroshi kamar mai wankin tukunya, tana tofar da kumfa da jini.

"Ke Samira, me bakin nan ya yi miki?"

"Gwaggo, man goge haƙori ne mai sa fari. Yara na kallon bakina in ina karatu da su."

Ta buɗe mata bakin. Haƙoran gaba duk suna da zane ruwan ƙasa, wanda Zuhura ta san ta da shi tun tana ƙarama. Ta karɓi man, ta juya shi, ta dubi hoton matar da ke jiki.

"Ba ni buroshi guda. Tare za mu goga. In ya ci nawa bai ci naki ba, to naki ba dauɗa ba ce, sai mu nemi wanda ya sani."

"Sai kin bar goro hwa, Gwaggo."

"Na bari."

Ba ƙaramin abu ta ɗauka ba. Kwanakin farko kanta ya yi ta sara, ta yi faɗa da mai kai mata gyaɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Amma ba ta saɓa ba, safe da yamma suna tsugune gefe da gefe. Kafin gero ya fitar da kai, jan ya soma sakin haƙoran Zuhura. Ba su yi fari irin na hoton ba, sun dai koma launin madarar da ta kwana, sai ɗan saura a tsakankani. Maƙwabta suka riƙa zuwa kallo. Na Samira kuwa ko gezau.

Ranar kasuwar Tasawa Zuhura ta ɗora jarkokin man gyaɗa a amalanke, ta ce wa Samira ta shirya. Da ta sallami masu saye, ta ja ta asibiti wurin wani likita, Malam Hashimu. Ita ta fara buɗe baki.

"Likita, dubi nan. Goro da fure ne, man nan ya ci su. Yanzu dubi na ɗiyata, mai guda muka goga."

Ya duba su duka biyu, ya jinjina kai.

"Hajiya, naki a saman haƙori ya zauna, shi ya sa ya fita. Iyakar aikin man ke nan, kankare abin da ke sama. Nata a ciki yake, tare da haƙorin ya tsiro. Wani lokaci ruwan da yaro ya sha yana ƙarami ke kawo shi." Ya juya ga Samira. "Madam, ki bar dirza da ƙarfi, dasashinki kike ci. Haƙoranki ba su ruɓe ba. In kina son a rufe zanen, akwai masu aikin a Maradi."

Samira ta ce, "Ke nan ba rashin tsabta ba ne?"

"Ko kusa."

A hanyar komawa Zuhura ba ta rarrashe ta ba, don ba ta ga abin rarrashi ba. Ta dai ce in Maradi take so za ta raka ta, in ba ta so shi ke nan. Samira ta ce za ta yi tunani.

Bayan an koma lakwal Samira ta kira ta a waya. Ta ce ta duba bakunan ɗalibanta, ta samu da yawa masu irin zanenta, kuma duk daga unguwa guda suke, rijiya guda suke sha. Tana son ta je wurin mai gari a nemi a auna ruwan, amma tana jin nauyin shiga gaban dattawa ita kaɗai.

"Yaushe suke zama?"

"Bayan Juma'a, Gwaggo."

"To ki share mini ɗaki, ki kuma sami kwalba mai tsabta ki ɗebo ruwan. Alhamis ina tafe."

Ta aje wayar, ta leƙa gidan maƙwabciyarta Raihana ta ce ta karɓar mata gyaɗar wannan mako, ta shanya ta kan tabarma.