Dakashin Uwar Garke

Ni na ɗebi jinin da hannuna, shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Tumakin Baba talatin da ɗaya, na bi su ɗaya bayan ɗaya da allura ina rubuta lambar kunne a jikin kwalba, shi kuwa yana tsaye a kaina yana mita, wai ɓata lokaci nake a kan tsohuwar tunkiyarsa, Uwar Garke.

"Wannan? Haba 'yar nan! Shekara takwas ko tari ba ta taɓa yi ba."

Gaskiyarsa ne kuma. Ciwon huhun nan mai ramar da tunkiya har ta kasa kai kanta bakin ruwa ya cinye mana rabin garke, amma ita tana nan ɓul-ɓul abinta. Sai Baba ya ɗora mata duk burinsa. Ya ce jininta ne mai ƙarfi, daga ita zai fitar da irin da cutar ba ta kamawa. 'Ya'yanta ba ya taɓa sayar da su. Duk sanda ta haihu kuma sai ya tatsi dakashinta, nonon farko mai kauri, ya bi 'ya'yan sauran tumaki da cokali yana ɗura musu, wai ƙarfin ya shiga jikinsu. Ni da nake aiki a ɗakin gwaji na asibitin dabbobi ina kallo, ina ma tsokanarsa da "Sannu likita!" Kaicona.

Kwana tara bayan nan shugabata ta kira ni ofishinta, ta turo mini takarda.

"Tunkiyar da babanki yake ji da ita tana ɗauke da bairos ɗin da ke kawo ciwon," ta ce. "Jikinta ne kawai bai nuna ba. Mun duba ƙwayar halittarta ma, babu garkuwar gadon da ake nema. Kin kuma san ta nono ya fi bi."

Na sani mana! Tun a makaranta na sani, ban dai taɓa haɗa shi da cokalin Baba ba. Ashirin da shida sun kamu. Magani babu. Sai dai a fitar da su, a sake fara kiwo daga biyar ɗin da suka tsira da sabon ragon da za a gwada lafiyarsa.

Da la'asar na same shi yana zuba musu dusa. Na yi ta kewaye-kewaye har ya gaji.

"Ke, faɗi abin da ya kawo ki."

Na faɗa. Wallahi ji na yi kamar na mare shi. Ya zauna a bakin kwamin ruwa, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

"Da kaina ke nan na raba musu?"

Na so in yi masa ƙarya, amma na gyaɗa masa kai.

"Karanto mini masu lafiyar," ya ce.

Na karanta lambobin, muka ware su a lungu. Wasu 'yan tsiraru ne marasa fasali, waɗanda ya raina tun suna ƙanana, ya ce ba zai ɓata dakashi a kansu ba. Ya tsaya yana dubansu kamar baƙi.

"Waɗannan ko suna ban sa musu ba."

Ya ciro wayarsa zai kira mahauci, ya danna, ya goge, ya sake dannawa. Ƙarshe ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

"Ki ce masa ya fara da ita, kar ta tsaya tana kallon 'ya'yanta."