Ranar da Tafki Ya Koma Shuɗi

Hanci ake ce masa a ƙauyen, domin daga bakin shinge zai shaƙi iska ya gaya maka lafiyar tafkunan tace ruwa. Uku ne, shi ke kula da su. Ruwan wanka da wanke-wanke da na bayan gida, duk nan yake taruwa. A na farko laka ta kwanta, a na biyu ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye ƙazanta, a na uku ciyayi su tace saura, sannan ruwan ya gangara rafin da shanu ke sha.

Wata safiya ya tarar tafkin farko ya koma shuɗi kamar an juye masa tawada. Ya yi maza ya toshe bututun da ke zuwa na biyu, ya bi magudana yana ɗaga murafe ɗaya bayan ɗaya.

Ya fara da makanike. "Kai ne ko?"

"Haba Hanci! Nawa baƙin mai ne, shi ma tun ranar da ka wanke ni tas, a jarka nake tara shi."

Makanike ya ajiye sifana ya bi shi. Mai aski ma ya rufe shago ya biyo, wai yana son ganin wanda za a sauke wa kwandon faɗa yau. Shuɗin ya yi ta ƙara kauri, ya sha kwana, ya shiga lungun Hanci, bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidansa.

A tsakar gida ga surukarsa, wadda ta zo kwana biyu, tana rini, hannuwa shuɗi har gwiwar hannu, tsofaffin labulayensa na ɗiga a igiya.

"Ɗan nan, ka dawo da wuri? So na yi ka shigo ka ga gida sabo."

Hanci ya durƙusa. "Sannu da aiki, Inna. Sun... sun yi kyau."

"To fara faɗan mana," in ji mai aski daga baya. Makanike ya riƙe ciki don dariya ya fita waje.

Matar Hanci ce ta yi wa uwarta bayani, shi kuwa yana ta sosa ƙeya. Inna ta ce ba ta yarda ba, ina ruwan rini da shanu? Sai an kai ta ta gani.

Ya kai ta. Ta daɗe tsaye a bakin tafki na uku tana kallon kwaɗi suna tsalle, ga ruwa garau yana silalewa. Can ƙasa wata saniya ta sa baki.

"Yanzu da ba ka toshe ba, wannan baiwar Allah rinina za ta sha?"

"Ita da kifayen rafi, Inna."

"To me ya hana ka yi min faɗa? Da a gidana ne da ka ji magana!"

Da la'asar ya haƙa mata rami a bayan gida don ragowar rinin. Sai da ya yi mako yana kwashe shuɗin ruwa da injin kafin tafkin ya dawo daidai. Inna ta ƙara sati biyu, kullum tana kan kujera a ƙofar gida, duk mai fitowa da bokiti sai ta leƙa ta ga abin da ke ciki.